Kujerar da ba ta son Aliero

Shekarun baya na sayi wata mota mai kujerar lantarki, irin wadda maɓalli kawai za ka danna ta matsa gaba ko baya. Ni gajere ne, ga tumbi, don haka in zan fita sai na tura kujerar baya, in zan tuƙa in dawo da ita gaba.

Duk Juma'a nakan tashi daga Jega in je Aliero gaida gwaggona, wadda ta riƙe ni tun ina yaro. A ƙofar gidanta nake barin motar, ko kullewa ba na yi. To sai kujerar ta ɓullo da wani hali: in na fito zan koma, na danna, shiru. Haka zan taho da matashi a bayana, ina taka burki da kan yatsa. Gari na wayewa kuma ta tashi garau. Na je Maiyama, na je Kimba, ba ta taɓa yi mini haka ba. Sai Aliero.

Sau biyu ina kai ta wurin wani mai wayarin a Sabon Gari. Ya zare fiyus ya duba, lafiya lau. Ya kwance makunnin ya goge, ya kasa kunne yana sauraren injin da ke ƙarƙashi, yana juyawa sumul. Abin ya tsaya mini a rai. Ran nan saura kaɗan in buge akuya, na tsorata, na ɗauke ƙafa daga Aliero har Juma'a huɗu. Sai ga saƙon gwaggo, wai in laifi ta yi mini in yafe mata. Wallahi na ji kunya ƙwarai.

Na koma wurin mai wayarin. Ya ce, "Alhaji, kullum da lahiyarta kaka kawo min ita. Ranad da tat tsaya, kak ka biya gida, taho min da ita hakanan."

Haka na yi Juma'ar da ta biyo. Ya danna, shiru. Ya durƙusa ta baya ya zura hannu ƙarƙashin kujerar, sai ya ɗago ya dube ni.

"Wanga hwa?"

Ƙullin albasa ne a tsohon zane, an cusa shi da ƙarfi har ya danne soket ɗin wayar. Yana zarewa kujerar ta motsa. Zanen kuwa na san shi.

A gida matata ta yi ta dariya. Ashe ita ke ɗauke ƙullin duk Juma'a in na dawo na shiga alwala, gwaggo ta hana ta faɗa mini, kuma ba ta taɓa kawo cewa albasa na da ruwa da kujera ba. Da na tambayi gwaggo sai ta ce, "In na ba ka ga hannu, cewa kaka yi a bar shi. To ni in bar ka ka tahi hannu banza?"

Mai wayarin ya ɗaure wayar can sama inda ƙulli ba zai taɓa ta ba. Ni kuma ban sake cewa a bar shi ba, amma gwaggo ba ta fasa ɓoyewa ba, ta riga ta saba.

Yau shekara uku da rasuwarta. Motar na nan, kujerar ba ta sake tsayawa ba. Har yanzu in na fito daga gidan nata, kafin in danna maɓalli sai na zura hannu ƙarƙashi, ko da na san babu komai.