Madannin Fa Ya Mutu

Na yi shekaru a wani ƙaramin gidan radiyo a Magariya, ina karanta labarai, kuma ni ke haɗa gajeren kiɗan da ake buɗe shirin manoma da shi. A shekarar da kunnuwana suka fara yin nauyi ban gaya wa kowa ba. Aikina duka a kunne yake, na kuma san abin da zai biyo baya.

Piyano na koya tun ina lakwal, wato makarantar boko, wurin wani mushe, malaminmu, da ke da wani tsohon piyano a ɗakinsa. Shi ya nuna mini cewa kowane kiɗa yana da gidansa, wato sautin da yake komawa ya huta. Sautukan suna da sunaye: do, re, mi, fa, sol, la, si. Idan gidan do ne, sol maƙwabci ne kawai. Amma in ka danna re da la, ka ɗaga fa da rabin taki zuwa baƙin madannin da ke kusa da shi, sai kunne ya karkata, ya sauka a kan sol kamar can ne gida. Na ɗan lokaci ne, daga nan kiɗan ya koma do. A kan wannan dabara na gina kiɗan shirin. Manoman Bande da Dungas ba su san sunanta ba, amma wani ya taɓa ce mini daidai wurin nan ne yake ajiye fartanya ya matso kusa da radiyo.

Da kasat ɗin kiɗan ya tsufa, darakta ya ce a sake ɗauka. Na zauna gaban piyanon gidan, mai haɗa mana sauti tana bayan gilashi, wata mata mai yawan tsokana da ke kirana Kawu. Na kaɗa daga farko har ƙarshe. Na ji komai ya zauna daidai, har wurin da kiɗan ke karkata.

Ta leƙo tana dariya. "Kawu, yau miyar ba gishiri. Ina ɗan lanƙwasan nan naka?"

"Yana nan, ɗiyata. Ke dai gyara na'urarki."

"Wallahi babu. Sake mu ji."

Na sake. Ta fito, ta tsaya a kaina, ta sa yatsa ta danna baƙin madannin shi kaɗai, ta sake dannawa. Ta dube ni.

"Ka ji?"

Na ce na ji.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. A hankali ta ce, "Kawu, madannin ya mutu. Ba ya fitar da komai."

Ashe yatsana ya danna, kaina ya cike gurbin da sautin da ya saba ji. Ban san tun yaushe nake jin kiɗa ta haka ba, ban kuma san nawa ne cikin abin da nake ji a ɗakin nan yake fitowa daga lasifika da gaske ba.

Ta ce za a kai piyanon gyara Zinder, ba wanda zai ji maganar daga bakinta. Na yi mata godiya. An gyaro shi, wani ya kaɗa, suka ce ya yi kyau. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon yatsunsa, da ya iso wurin na ga ya danna daidai. Kafin damina ta faɗi na gaya wa darakta ya nemi wani mai karanta labarai.