Magaryar Ain Khaled

Ku kawo kunne, 'ya'yana. Wannan ba tatsuniya ba ce, ko da rana ana faɗinta. Ni ban san baƙi ba, balle boko. 'Yata Bilkisu ke rubutawa, na kuma ce kar ta gyara min baki.

Yau shekara biyar da rasuwar Malam, maigidana. Mun zo Doha ne wankan jegon Bilkisu, wadda ke karatu a nan, da niyyar wata uku. Korona ta rufe hanya, muka zauna.

A tsakar gidan da suke haya a Ain Khaled akwai wata magarya, ramammiya, ganyenta duk ƙura. Ranar da Malam ya gan ta ya yi mata sallama kamar ya ga 'yar garinsu. Sai ya lura na'urar sanyin nan da suke ce wa esi tana ɗigar ruwa ta bayan bango, yana bin siminti a banza. Ya tara bokiti. Kullum bayan la'asar ya kai wa magarya, ya rage kaɗan a murfin tukunya don kurciyoyi. A gindinta yake alwala. Na ce, "Malam, baƙo raɓa ne, kai kuma kana rainon itace?" Ya ce, "Hajiya, ita ma raɓar take jira."

Cutar ta kama shi. Mota ta zo ta ɗauke shi, ban sake ganin fuskarsa ba. A garinmu da ganyen magarya ake wanke mamaci. Na tsinko cikin tafina, na rasa mai kai masa. Wannan ya fi komai ci min rai.

Bayan shekara biyu aka ce ƙwallon duniya na zuwa. Gari ya cika da tutoci, mai gidan haya ya ce zai kafa rumfar motocin baƙi, magarya ta tare wuri. Wata safiya sai ga mutum da zarton inji. Na ɗauki tabarma na shimfiɗa a gindinta, na zauna, don a reshen sama akwai sheƙar kurciya da 'ya'ya biyu, ko gashi ba su gama ba.

Ashe mai zarton ɗan Zangon Kumasi ne, Abdulai. Ya ce, "Mma, yalla, tashi. Kafil, wato ubangidana, ya ce yau halas, a gama da ita."

Na ce, "Ɗana, ɗaga kanka ka gani. Da wane bakin za ka gaya wa uwarsu halas?"

Ya ɗaga kai, ya ga sheƙar. Ya ce, "Mma, za ki sa a kore ni." Amma ya kashe injin, ya je ya roƙi mai gida a jira 'ya'yan kurciyar su tashi. Aka jira. Ranar da na biyun ya yi fiffike, Abdulai ya dawo. Kafin ya sa zarto, shi ya hau ya zazzage min ganyen a zanena.

Nakan ce, da Malam zai ga Doha yau, ciyawa shar a tsakiyar rairayi, itatuwa a jere kamar sojoji, kowanne da bututun ruwansa, me zai ce? Na san zai yaba. Na kuma san zai duba ƙasa ya ce, "To, ina na tsuntsu?" Shi a wurinsa ɗan Adam ɗan haya ne a duniya, kuma ba shi kaɗai ke gidan ba.

Abdulai ya koma Kumasi, yana aiko min gaisuwa. Baƙi sun watse, rumfa ta zama wurin shanya. Jaririn da muka zo wa jego ya shiga makaranta. Esi bai daina ɗiga ba, ni kuma ban ɗauke bokitin ba, har kututture ya yi toho ta gefen siminti, yanzu ya kai min ƙugu.

Ganyen da Abdulai ya zazzago na shanya, na ƙulle a tsumma cikin akwatina. Bilkisu, rubuta wannan da kyau: da shi za ku wanke ni.