Gudumar da aka bar mini ajiya

Shekarun baya, lokacin da haƙar zinare ta fara kankama a wajen Bagega, na yi aiki a wani injin niƙan dutse can bayan gari. Wata ganga ce ta ƙarfe mai ƙwallayen ƙarfe a ciki. A zuba dutse, inji ya yi ta juya ta har ya koma gari. Mu biyu ne kacal a wurin, ni da abokina, mutumin Zugu, wanda ya girme ni. Shi ke farfasa dutsen da guduma, ni in zuba.

Hannunsa kuwa sai dai a ce masha Allah, kowane dutse kamar ƙwayar gyaɗa. Ni ranar da na karɓi gudumar, don ganda, manya-manya na watsa ciki. Ganga ta kama ƙara kamar za ta tsage, aka wuni ana cin mai, da aka buɗe duwatsuna na nan zaune suna kallona. Ya yi dariya har da tari, ya ce ƙwallayen ba sa iya cin babban dutse, sulɓewa kawai suke yi a kansa. In ƙanana ne, ganga ko murya ba ta ɗagawa.

Tarin nan ne bai tafi ba. Da ya matsa masa, aka ɗora shi a babur zuwa gida. Ya miƙo mini gudumar ya ce, "Ƙanena, aje min wagga. In na ji sauƙi ina tahowa."

Wallahi na ji kaɗaici. Ba mai yi mini tsiya, ba wanda zan ci tuwo da shi. Ga ganga ta cika mini kunne, ba na jin motsin hanya. Sai na zauna na koyi fasa dutse ƙanana-ƙanana, ba don zinare ba, don dai ƙarar ta lafa in ji babur in ya taho.

Kuma na ji shi, wata Laraba da hantsi, tun daga nesa. Na fito da gudu da guduma a hannu. Ƙaninsa ne shi kaɗai. Ya kashe babur, ya ce Innarsu ce ta aiko shi, ta ce kada in ji rasuwar abokina a bakin wani.

Na bar aikin da daɗewa, gudumar tana ƙarƙashin gadona. Har yau in babur ya rage gudu a ƙofar gida, sai na ɗaga kai.