Tuwon Magina

Shekarar da bangon ɗakin Inna ya tsage a ƙauyenmu na ƙasar Buji, na yi wa kaina alkawarin cewa damina mai zuwa ba za ta same ta a cikinsa ba. Tsagewar ta taso daga sama har kusa da ƙasa, ta ɓangaren gabas, inda ruwa ya fi dukan gini. In ka tsaya a cikin ɗakin da hantsi kana hango hasken rana ta wurin. Da na nuna mata, sai ta ce ai iska ce take shigo mata, ta huta da fifita.

Inna ita ta haife ni, ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan," haka take ce mini tun ina ƙarami, har yanzu da furfura ta fara leƙo mini. Tun rasuwar mahaifinmu nake roƙonta ta dawo wurina Dutse, ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Gwiwoyinta sun fara ciwo, ga asibiti kusa da gidana a Takur, matata ma a can take aikin jinya. Duk na zayyana mata wannan, amma kullum amsarta ɗaya ce.

"In zo in yi me? In zauna a kujera ina kallon bango, ana miƙo min abinci a faranti kamar mara lafiya? Ku dai ku yi zamanku, Allah ya yi albarka."

Da na ga magana ba ta ci ba, sai na ce bari in gina ɗakin tukuna, wataƙila in ta gan shi a tsaye ta ji nauyin ƙin shiga. Akwai fili a tsakar gidana, kusa da darbejiya. Ciki ɗaya da banɗaki nake so. Na yanke cewa bulo da siminti da yashi da katako da kwano ni zan saya da kaina, magini kuɗin aikin hannu kawai zai faɗa.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, rabin rayuwata a cikin fayil na yi ta, kuma ina da wata cuta ta yarda da duk abin da aka ja wa layi da rula. Don haka na ce ba zan ba kowa aikin nan ba sai na ji ƙiyasin mutum uku na kwatanta.

Na farko ɗan kwangila ne matashi, ya zo da mota yana ƙamshin turare. Ya auna filin da tef, bayan kwana biyu ya kawo mini takarda shafi uku da aka buga a kwamfuta, har da hatimi. Takardar ta burge ni ƙwarai, har na kai layin ƙarshe. Nan na cire tabarau na goge na mayar, lambar ba ta ragu ba.

Na biyu maginin unguwarmu ne. Ya yage takardar buhun siminti ya rubuta nasa a kai, a kan gwiwarsa. Kuɗinsa da sauƙi-sauƙi, sai dai wani maƙwabcina ya ja ni gefe bayan sallar la'asar ya ce mutumin ya iya aiki, amma gini huɗu yake riƙewa a lokaci guda, in ya ɗora maka layi biyu na bulo sai ka sake ganinsa bayan sati.

Na uku kawuna ne ya turo mini shi daga Buji. Dattijo ne siriri mai farin gemu, kowa Baba yake ce masa. Bai zo da tef ba, bai zo da biro ba. Ya cire takalmi ya taka filin da ƙafa, tsawo da faɗi. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu. Ya tambaye ni ta ina ruwan tsakar gidan yake fita in an yi mamako, tambayar da sauran biyun ba su yi ba. Sannan ya faɗi kuɗinsa da baki. Bai kai rabin na mai hatimi ba, kuma ya gaza na maginin unguwa nesa ba kusa ba.

Na ce, "Baba, har da leburori?"

"Har da su. Mu biyar ne. Sauran kuma kamar yadda aka saba. Abu ɗaya dai, ɗana, ruwan shuka na sauka za mu ajiye cokalin gini mu koma gona, an gama ko ba a gama ba. Don haka a fara da wuri."

Na dawo ɗaki na ɗauko farar takarda da rula, na ja gida uku, na jera su. Na nuna wa matata ina ta washe baki, ina ce mata ta ga amfanin boko. Ta duba ta ce, "Abban yara, wannan arahar ba ta yi yawa ba kuwa?" Na ce mutanen ƙauye ne, tsoron Allah ya yi musu yawa. Ko kaɗan ban tsaya na tambayi abin da aka saba ɗin ba. Tun ina shekara goma sha biyu na bar ƙauye zuwa makarantar kwana, ban taɓa ganin yadda ake gini a gidanmu da idon babba ba.

Ranar Asabar da sassafe suka iso, tsakiyar bazara, kowa da tabarmarsa a naɗe a hammata. Tabarmin sun ɗan ba ni mamaki. Suka jera su a zaure, suka fito suka zauna a gindin darbejiya. Ga bulo a jibge, ga yashi, ga ruwa cike da duro, ba wanda ya taɓa shebur. Na zagaya na dawo, na sake zagayawa na dawo. Da rana ta fara ɗagawa na kasa haƙuri.

"Baba, ko akwai abin da ba a kawo ba?"

Ya dube ni da murmushi. "A'a, komai ya ji. Kunu muke jira."

Na ce, "Wane kunu, Baba?" A hankali, ba tare da ya kunyata ni a gaban mutanensa ba, ya fahimtar da ni cewa a wajenmu mai gini shi yake ciyar da magina, shi yake ba su masauki. Kunu da safe, fura da rana, tuwo bayan magariba, har ranar da za a ɗora kwano. Shi ya sa kuɗinsu yake haka. Maginan birni kuwa da kuɗin cikinsu a cikin ƙiyasinsu, rana na take sai su nufi wajen mai abinci. Ni na ja gida uku da rula, na manta gidan tuwo.

Da na shiga na gaya wa matata, tana ɗaure ɗankwali za ta tafi aiki, dariya ta yi har sai da ta dafa bango. Ta ce, "To mai rula, ni dai satin nan aikin safe nake, ƙarti biyar kuwa ba a tuƙa musu tuwo a tukunyar gas."

Kwana uku na yi ina jigila a babur. Shayi da burodi da safe, shinkafa da wake daga bakin titi da rana, taliya da yamma. Mutanen kirki ne, suna ci suna godiya, amma azahar na yi sai ka ga lebura ya ɗauki bulo ɗaya yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Arahar da nake taƙama da ita kuma tana ta zirarewa a hannun masu abinci. A rana ta uku Baba ya same ni a ƙofar gida.

"Ɗana, ba raini ba ne, amma shinkafar kasuwa ba ta riƙe cikin mai ɗaga bulo. Da wannan tafiyar ruwa zai riske mu ko lintar saman ƙofa ba mu kai ba. In da takura, mu je, ma dawo da kaka."

Da kaka! Wato Inna ta sake cin damina a ƙarƙashin bangon nan. Na kuwa san bangon ba zai kai ba.

Ban san wanda zan tambaya ba sai ita. Na kira ta a waya, niyyata kawai ta gaya mini mudu nawa na gero ke isar mutum biyar, in nemi wata a unguwa ta riƙa dafawa. Ban kai ƙarshen bayani ba ta katse ni.

"Kai wannan, burodi kake ba magina? Mutanen garinmu? So kake su dawo su ce gidan ɗana aka bar su da yunwa? Innalillahi. Kashe wayar nan."

Washegari kafin azahar wata motar haya ta tsaya a ƙofar gidana. Aka sauke buhun gero, da ƙullin kuka, da daddawa, da tsamiya, da babbar tukunyarta ta biki, da muciya doguwa. Daga ƙarshe ita ta fito tana dafa gwiwa. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ɗaga mini yatsa.

"Kada ka ce na dawo. Mutuncin gida na zo rufawa. Ranar da suka gama, motar da za ta kai su ita za ta kai ni."

Ta sa aka jera mata duwatsu uku a gindin darbejiya, abin da bai yi wuya ba, don dutse dai ba a nemansa a garin nan. Daga ranar gidana ya canza. Kafin in dawo daga masallaci da asuba kunun tsamiya ya hau. Matata in ta dawo daga aiki sai ta cire fararen kaya ta zauna kusa da ita tana kaɗa miya, suna hira ƙasa-ƙasa, in na matso su yi shiru, na kuwa san da rulata ake. Magina suka farfaɗo, har waƙa suke yi suna cilla wa juna bulo. Cikin kwana huɗu gini ya wuce kaina.

Inna kuwa, daga kan 'yar kujerarta ta tsuguno, ta zama shugabar aiki. Ba ta taɓa cewa ɗakinta ba. Sai dai ka ji ta ce, "Malam, wannan dokin ƙofar bai yi tsawo ba? Duk wadda za ta zauna a ciki, in tana da ciwon gwiwa, ai ta sha wuya." Baba ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya," a rage. Gobe kuma, "Tagar nan a sauko da ita, mai ɗakin ta riƙa ganin tsakar gida daga kan gado." A sauko da ita. Har alkuki ta sa aka bar mata a bango, wai ko da mutum zai so ajiye fitila da carbi. Ni da na biya kuɗin bulon ba wanda ya nemi shawarata ko sau ɗaya, kuma ban taɓa jin daɗin a raina ni irin na kwanakin nan ba.

Sai dai kullum gini na tashi, zuciyata na ƙara nauyi. Na san halinta, in ta faɗi magana ba ta janyewa. Na kai ga fatan aikin ya ɗan ja, alhali ni ne nake addu'ar a gama kafin ruwa.

Ranar da aka buga kwanon ƙarshe aka gama shafe, hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska mai sanyi tana kaɗa ganyen darbejiya. Magina suka shiga naɗe tabarmi da sauri, hankalin kowa ya koma gona. Na sallami Baba, na ƙara masa da abin da ya sawwaƙa, ya sa albarka. Mota ta zo, aka bar wa Inna kujerar gaba. Na ga ta wanke tukunyar nan tas ta kife, ta ɗaure muciya da tsumma. Na tsaya a zaure ina kallon motar.

Ta fito har bakin mota tana ɗingishi, mayafi a kafaɗa. Ta leƙa ta taga inda Baba yake zaune.

"Malam, in kun isa ka ce wa ƙanena ya aiko min da turmina da awakina biyu. Na ga wannan gidan ba su san turmi ba, garin inji suke ci. Sai dai ban san inda za a ɗaure awakin ba."

Baba ya shafa gemu. "Ai Hajiya, tun ranar da kika sa aka rage dokin ƙofa na kafa turke biyu a bayan ɗakin. Har 'yar rumfa na yi musu da ragowar kwano."

Mota ta tashi ba ita. Ni kuwa na zagaya bayan ɗakin, ga su nan kuwa, turaku biyu na itacen marke a kafe, sati biyu ina wucewa ban lura ba. Na tsaya a wurin ina kallonsu, hawaye suka zubo mini, ban hana su ba. Yayyafi ya fara sauka a kan sabon kwano.

Daga tsakar gida na ji muryarta.

"Kai wannan, tsayuwar me kake yi a nan? Zo ka shigar min da tukunyata ɗakina kafin ta jiƙe."