Magaryar da Na Gani a Hoton Gidana

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce daga Nguru, ban taɓa shiga aji ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙwabciyata ce take rubuta muku wannan, ina faɗa tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. A lokacin da abin nan ya faru, ni ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Sama da shekara talatin, duk macen da ta rasu ni ake aiko wa, kuma ba na zuwa hannu rabbana. A tsakar gidana akwai magarya, mijina ne ya dasa ta shekarar da muka tare. Ganyenta nake tsinka in daka in zuba a ruwan wanka. Ranar da shi kansa ya rasu, da ganyenta maza suka wanke shi. Tun ranar na sa wa raina, na kuma faɗa wa 'ya'yana, cewa ni ma da ganyen itacen nan za a wanke ni, ba da na kasuwa ba. Ina da baki, ina da girman kai. In na yi magana a gidan biki ko gidan rasuwa ba mai tanka mini. Na ɗauka daraja ce, ashe rabi tsoron bakina ake ji.

Wata damina katangar ɗakina ta zube. Babban ɗana, mai fataucin tattasai a Gashua, ya ce ya gaji da yaɓe duk shekara, zai rushe gidan ƙasar ya gina mini na bulo. Na yi ta ja, daga baya na ce na yarda, amma ba mai taɓa tubali ɗaya sai na san kamannin abin da za a gina. Ya yi dariya ya ce ai Inna yanzu ana ganin gida tun ba a gina shi ba. Ya kai ni Gashua wurin wata yarinya mai zanen gidaje, ba ta girmi jikata ta fari ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta buɗe kwamfuta ta juyo mini da ita. Abin da na gani wani gida ne toka-toka, dishi-dishi, kamar an watsa masa yashi, bakin katangunsa kamar haƙoran zarto. Da ta ƙara masa girma sai ya farfashe gida-gida kamar saƙar tabarma. Ta ce wannan na gwaji ne, cikin gaggawa kwamfuta ta fitar da shi, don a ga inda kowane ɗaki ya zauna kafin a ɓata lokaci wajen ƙawata shi. Sai ta shimfiɗa wata takarda mai layuka, ta ce in matso ta nuna mini inda falo zai kama, domin akwai maganar da take so mu yi a kan tsakar gida.

To ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ina da yana a idon hagu, na daman ma ya fara, kuma ba na so a sani. Layukan nan ba na ganin su ko kaɗan. Maimakon in ce 'yata ba na gani, ki faɗa mini da baki, sai na ture takardar na ce ba zan zauna duban tonon kaji ba, in wannan hazon ne aka yi shekaru ana karatu a kansa, gara mai hoton bakin tasha. Ɗana ya ce Inna ki bari ta yi bayani, na ce shi ma ya rufe mini baki, tun ba a haife shi ba nake cikin gidan nan. Na ce gidan ya yi tsirara kamar asibiti, a gyara shi ya fito garau sannan a kira ni.

Kwana huɗu aka yi. Ɗana ya ce yarinyar ta bar kwamfutar wuni guda tana aikin hoto ɗaya, wuta ta ɗauke, ta sake daga farko. Wai ta ƙara yawan ɗigon da ke haɗa hoton, ta share yashin nan, ta daidaita bakin katangu, ta sa rana kamar ta hantsi. Ta buga shi a babbar takarda mai sheƙi. Wallahi ko mummunan idona ya gani. Ga inuwar taga kwance a ƙasa, ga ƙyallin tayil, ga gajimare a sama. Kuma ga itace a gefen ɗaki, kore shar, ganyensa ɗai-ɗai kamar ka ƙirga. Na ɗora yatsa a kai na ce ga magaryata nan. Yarinyar ta buɗe baki ta ce Hajiya, ai wannan itacen, ban bari ta ƙarasa ba, na ce na san itacena, ba 'yar boko ce za ta gabatar mini da shi ba. Ta dubi ɗana, ɗana ya dubi ƙasa. Daga baya na ji wai ya ce mata ta bari zai yi mini bayani a gida, a gida kuma ya kasa tunkarata. Ni dai a zatona abin da ya fito tar haka ba zai yi ƙarya ba, hoto ne kamar na fasfo. Na ce a fara aiki.

Na koma Nguru da hoton ina nuna wa mata. Ina da wata ƙawa Babarbariya, tun muna amare muke tare, ni kuwa jinin Fulani ce, kun san wasan da ke tsakaninmu. Ta kai hoton dab da hancinta, ta daɗe, ta ce ke Bafillatana, shanu kika sani ba itace ba, wannan ganyen dogo ne mai sheƙi kamar na mangwaro, ina ƙayar? Ta ce magaryata ta karkata gabas tun shekarar babbar iska, wannan kuwa a miƙe yake kamar soja. Na ce Barebari dai ba sa iya ganin alheri a gidan iyayengijinsu, ta zo in ba ta aikin shara a sabon gida. Mata suka kwashe da dariya, na ji na yi nasara. Da zan fita ta biyo ni zaure ta kama mini gefen mayafi, ta ce ba wasa take ba, in sa a tambaya. Ban tambaya ba.

Na tattara kayana na koma gidan ɗana a Gashua kafin a gama gini. Mako biyu bayan nan, da hantsi, surukata ta miƙo mini waya. Ƙawata ce. Ba gaisuwa, ba tsokana, ta ce in taho yanzu, gatari ya hau magarya. Ban jira ɗana ba. Takalmin da na sa wari daban-daban ne, hoton a naɗe a hammata. A tasha mota ba ta cika ba, ni da ban taɓa roƙon kowa ba na riƙe hannun rigar direba ina haɗa shi da Allah, har fasinjoji suka sa baki ya tashi. Duk hanyar nan salati nake, ina cewa ƙila reshe kawai suka sare, ƙila ƙawata ce ta ƙara gishiri.

Da na isa ban gane gidana ba. Fili ne da ramuka da igiyoyi. Magarya tana kwance, an tone har saiwarta, awakin unguwa sun yanyame ta. Na ware hoton a gaban babban magini, na ce ya duba, ga itacen nan a tsaye, wa ya sa shi? Ya ce Hajiya ki yi haƙuri, su ba sa aiki da hoto, hoto na mai gida ne ya gani ya ji daɗi, takardar layuka suke bi, kuma a takarda nan falo ne. Ya ce wannan itacen a cikin kwamfuta yake zaune, ana manna shi ne don ado, shi ya ga irinsa sak a hoton wani gida da ya gina a Dapchi. Na durƙusa a cikin ƙasar ina korar awaki da hannu ɗaya ina tsige ganye da ɗaya, ƙaya tana yaga mini yatsu. Ƙawata ta zo. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa, muka yi ta zubawa.

Washegari yarinyar ta zo har Nguru idonta ja. Ta nuna mini hoton farko, mai dishi-dishin nan, ta ja yatsana ta ɗora a wurin. Babu itace a ciki, falon ne zaune a kan gurbinsa. Maganar da ta so mu yi ke nan. Ta ce da na bari ta faɗa, taku kaɗan za a matsar da falon. Itacen kuwa ta sa shi ne don na ce gidan ya yi tsirara. Ɗana ya ce ai Inna ganyen magarya ana sayarwa a kasuwa. Na yi wata guda ban amsa gaisuwarsa ba, amma a raina na san ba shi ya ture takarda ba.

Na shanya ganyen a inuwa na cika kwalla ɗaya na ɓoye wa kaina. In an yi rasuwa sai in aika kasuwa, ni da ake zuwa gidana neman ganye. Danshin damina ya shiga kwallar ya ɓata mini fiye da rabi, abin da ya rage bai wuce na wankan mutum ɗaya ba. Bara ƙawata ta rasu, aka aiko mini. Na buɗe kwallar na tsaya a kanta, Allah ya sani na daɗe a tsaye. Sannan na juye duka a turmi. Ina wanke ta ina ce mata, Babarbariya, kin ci ni, har rabona kin tafi da shi.

Yanzu tsakar gidan duk siminti ne. Na shuka ƙwallon magarya a bokiti, uku sun mutu, na huɗun bai kai kamu ɗaya ba, ni kuwa ƙafata ta fara nauyi. Kullum da safe sai na lalube shi da yatsa in ƙirga ganyensa, in ga ko zai ishe ni.

'Yan'uwana tsofaffi, in 'ya'yanku sun kawo muku hoton gidan da ba a gina ba, kada kyansa ya rufe muku baki. Ku tambayi kowane abu a ciki, wanne za a gina, wanne ado ne. In ba ku gani, ku ce ba ku gani, ba a mutuwa don an faɗi haka. Ku kuma masu zane, in tsohuwa ta katse ku, ku sake faɗa, ko za ta zage ku. Hoton yana rataye a falona, daidai inda magaryata take a da. Itacen ciki yana nan kore shar, har yau bai zubar mini da ganye ko ɗaya ba.