Mariyama da muryar da na ɗauka ta namiji ce

Shekara goma sha shida ke nan da muka kai matata Mariyama makwancinta a nan Greensboro ta Amurka. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kanta, sai in fasa, domin ba zan iya ba da labarinta ba sai na ba da nawa, nawan kuwa ba mai daɗin ji ba ne.

'Yar Damagaram ce, ni kuma ɗan Maraɗi. A farkon shekarun dubu biyu ina aikin kanikanci a wani wurin sayar da tsofaffin motoci a High Point Road, titin da yanzu aka sauya wa suna zuwa Gate City Boulevard. Ita tana kula da tsofaffi a gidajensu. 'Yarmu ɗaya, Nana. Duk wanda ya san Mariyama ya san muryarta mai kauri ce. In ta ɗauki waya, sau da yawa mai kira yakan ce, "Sannu Alhaji." Tun tana yarinya ake tsokanarta a kan haka, shi ya sa a taron suna ko biki ba ta cika magana ba.

Kanike ba ya shiga mota bai duba mitar tafiya ba. Ta nan abin ya fara. Na lura duk ranar Alhamis motarta tana ƙara tafiyar da ta fi ta wurin aikinta, tayoyin kuma suna dawowa da jar laka. In na tambaya sai ta ce aiki ne ya riƙe ta. Wata Asabar ina canja mata mai, na kunna rediyon motar, sai kaset ya tashi. Wani ne yake waƙa da yaren da ban sani ba, a hankali, kamar mai roƙon a dube shi. A jikin kaset ɗin an rubuta sunanta da rubutun da ba nata ba. Na saurara har ƙarshe, hannuna duk baƙin mai, na yanke hukunci cewa wani namiji ne yake yi wa matata waƙa.

Ban tambaye ta ba. Mako uku ina cin abincinta ina kallon ta. Alhamis ta huɗu na ari motar wurin aiki na bi ta da la'asar har Pleasant Garden, inda gidaje suke nesa da juna. Ta shiga wani farin gida. Na tsaya a bakin hanya, can sai muryar nan ta kaset ta fito ta taga. Na sauka na buga ƙofa da ƙarfin da har yau ina jin kunyarsa.

Wata tsohuwar Baturiya ce ta buɗe, tana dogara sanda. A bayanta Mariyama tana tsaye da ɗankwalinta, ba takalmi, kusa da wani abin kiɗa mai kama da fiyano. Babu kowa sai su biyu.

"Ina mutumin?" na ce da Hausa.

"Wane mutum, Baban Nana?"

"Mai waƙar."

Ta dube ni ta ce, "Ni ce."

Tsohuwar, wadda Mariyama take kira Madam, malamar waƙa ce da ta yi ritaya. Mariyama ta yi jinyar mijinta har ya rasu, a lokacin ne Madam ta ji ta tana rera waƙar daka a kicin. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce irin wannan murya sunanta kontiralto, ita ce mafi ƙasa a muryoyin mata, kuma ta gaske ba ta da yawa. Ta ce a Turai, shekaru kamar ɗari uku da suka wuce, a zamanin da suke kira barok, ana yin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera duk maganarsa da waƙa, kuma masu irin wannan murya sukan fito a matsayin sarakuna da jarumai da tsofaffin masu reno. Yaren waƙoƙin kuwa Italiyanci ne. Mariyama ba ta karanta rubutun kiɗa, da kunne take ɗauka, Faransancinta kuma yana taimaka mata da kalmomin.

Da ina da hankali, a nan zargin zai ƙare. Sai kawai ya sauya wuri. Me wannan mata take nema a wurin matata? Coci za ta ja ta? Ko kai ta za ta yi gaban jama'a a ce ga baƙuwa daga Afirka mai abin mamaki? A mota na ce sai an faɗa mini ma'anar kowace waƙa. Mariyama ta ce, "Babu ta ibada ko ɗaya, na sa mata wannan sharaɗi tun farko. Yawanci labarin maza ne da ke zargin matansu. Ban sha wahalar koyo ba."

Ban hana ta ba, ban kuma ce na yarda ba. Ta ci gaba da zuwa shekara huɗu. A gida takan ba ni labarin yadda waƙar take, wai in an kai ƙarshe sai a koma farko a maimaita, amma mawaƙi ya ƙara adonsa na kansa, kuma a nan ake gane gwani. Nakan ce to, in ci gaba da kallon labarai. Abin da ya fi damuna shi ne kada maganar ta kai kunnen mutanenmu a masallaci. Ta kai ɗin. Wata Hajiya ta tare ta a shagon kayan abinci ta tambaye ta ko gaskiya ne ta koma waƙar Nasara. Da ta gaya mini, abin da na fara tambaya shi ne su wa suka ji.

Yau jikokin wannan Hajiya suna ɗora waƙa da rawa a waya kowa yana gani, ba mai cewa uffan. Ina tunanin da Mariyama tana nan, dariya za ta yi ta ce ba su san inda ake jan numfashi ba. A bara wani mutum ya kira ni, ya ce ɗalibin Madam ne, ya samu muryar Mariyama cikin kayan da tsohuwar ta bari, yana so ya sa ta inda duniya za ta ji. Na yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Nana, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta ce mini da Turancinta, "Baba, har yanzu?" Ban ba mutumin amsa ba tukuna. Ban san shi ba, ban san me zai yi da ita ba, kuma Mariyama ba ta taɓa ce mini tana son duniya ta ji ba. Mutum ɗaya na san ta so ya ji.

Ciwon daji ne ya ɗauke ta, cikin wata bakwai. Mutane suna tuna ta da sallarta, da haƙurinta da tsofaffin da ta yi wa hidima, kuma duk gaskiya ne. Allah Ya jiƙanta, Ya yi mata rahama. Ni abin da ya rage mini daban ne. Kowane ƙarshen shekara Madam takan tara ɗalibanta a falonta, kowa ya rera waƙa ɗaya a gaban iyalinsa. Sau uku Mariyama ta ce in zo, ta ce an ajiye mini kujera. Sau ukun na kai ta har ƙofar gidan, na ce ta shiga ina zuwa, na zauna a mota har aka tashi.