Bayan Katangar Coci

A ƙauyenmu na Eldmere, a ƙasar Ingila, aka haifi Sewal mai faskare, zamanin da talaka bai isa ya bar gonar da aka haife shi ba sai mai ƙasa ya yarda. Ubansa itace yake sara, shi ma da gatari a kafaɗa ya tashi. Dogo ne mai ranƙwafaffen baya, magana kuwa sai ka roƙe shi. Ya auri Gunnild, 'yar gajeruwa mai kaifin baki, wadda ta gaji ungozomanci wajen uwarta. Mutane suka ce an dace, ita ta yi surutun gidan, shi ya yi shirun.

Haihuwa ɗaya Allah ya ba su, mace, ta zo ba numfashi. Dokar coci kuwa ba ta da kunya: jaririn da bai sha iska ba ba a yi masa baftisma, wanda ba a yi wa baftisma ba kuma ba ya shiga maƙabartar coci. Sewal da kansa ya naɗe 'yarsa a tsumma, ya haƙa rami a bayan katanga, gindin wata ƙaya, inda aladun gari ke tone-tone. Ya jibga duwatsu a kai don kada su kai gare ta. Daga nan ba su sake samu ba.

Eldmere gadon uwargida Hawisa ne, ita kaɗai ubanta ya bari. Sai baron Ingram, babban mai ƙasa na yankin, ya gan ta, ko in ce ya ga gonakinta. Wannan mutum, tir, ba mata yake aure ba, ƙasa yake aure. Matarsa ta fari ta zo masa da daji guda, tana mutuwa ya maka 'yan'uwanta a kotu har ya raba su da abin da ya rage. Yana auren Hawisa muka gane kurenmu. Ya ƙara mana kwanakin noman gandunsa, ya sa aka bi gida gida aka farfasa duwatsun niƙa, don kowa ya kai hatsi maniƙarsa a ɗebi rabonsa.

Ranar da naƙuda ta kama Hawisa sanyi ake yi mai shiga ƙashi. Ingram ya tafi farauta abinsa. Namiji ba ya shiga ɗakin haihuwa, amma dole wuta ta yi ta ci, don haka Sewal ya yini yana hawa da itace yana ajiyewa a bakin ƙofa. Shi kaɗai ne namiji a wurin. Yana tsaye da dami a baya ya ji nishin uwargida ya tsaya. Ya kasa kunne. Shiru, irin shirun da ya sani, wanda ya taɓa ji a ɗakinsa.

Sai ya ji muryar Hawisa can ƙasa-ƙasa: "Gunnild, me na samu? Ban ji ta ba."

"Mace ce, uwargida, kyakkyawa. Gajiya ta yi. Kwantar da hankalinki."

Ya ji ƙarar ruwa a kasko, ya ji matarsa tana faɗin kalmomin baftisma, kamar yadda aka yarje wa ungozoma in jariri na shirin tafiya. Kafin la'asar jini ya tafi da Hawisa. Aka binne ta a maƙabartar coci da jaririyar a ƙirjinta.

Da suka koma gida Sewal ya tasa kwanon fate-faten wake a gaba, ya kasa ci.

"Gunnild, ban ji kuka ba."

"Dama kai kurma ne."

"Ni ba kurma ba ne."

Ta dangwarar da ludayi. "To ba ta yi ba! Sai me? A mace ta zo, kamar tamu. So kake in gaya wa matar da ke mutuwa za a kai 'yarta wurin aladu? Ɗaya na bari aka kai can, maigida, ba zan bar biyu ba." Ta fashe da kuka. Ya tura mata kwanonsa.

Abin da Gunnild ba ta tuna ba a wannan rana shi ne dokar gado. A ƙasarmu, in mace mai gado ta haifi ɗa da rai, har namiji ya jiyo kukansa daga cikin ɗaki, to mijinta zai riƙe ƙasarta har ya mutu, ko da jaririn bai kai yamma ba. In ba a ji kuka ba, ƙasa ta koma ga danginta. Rolf, ƙanen mahaifin Hawisa, ya kai ƙara gaban alƙalan sarki, ya ce 'yar a mace ta faɗo. Ba a karɓar shaidar mata a irin wannan. Kowa ya juyo ya kalli mai faskare.

Kai, ran nan Sewal ya ga gata! Mutanen da ba su taɓa tambayar lafiyarsa ba suka ja shi gidan giya, aka cika masa moɗa. Hamo maƙeri, abokinsa tun suna yara, ya dafa shi.

"Kai dogo, yau bakin nan naka da ba ya buɗuwa zai yi mana rana. Rolf ya yi alkawari, duwatsun niƙa za su dawo, kwanakin gandu su koma yadda suke. Ba ƙarya muka ce ka yi ba. Masu aikin gidan sun ce ko uffan 'yar ba ta yi ba. Ka ji kuka?"

Sewal ya kalli moɗarsa.

"Haba, wane irin mutum ne kai? Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Zan faɗa a gaban alƙali," in ji shi.

Daga can ya wuce wurin limamin coci, ya tambaye shi abin da zai faru in aka yanke cewa jaririyar a mace ta zo. Liman bai ɓoye masa ba. "Sai a tone ta, ɗana, a fitar da ita bayan katanga, a tsarkake wurin. Wadda ta yi wa gawa baftisma kuma ta amsa tambaya a kotun coci." Sewal ya yi godiya ya fita. A hanya ya tsaya gindin ƙayar nan, ya gyara dutse ɗaya da aladu suka ture.

Ingram ma ya aika a kira shi. Yana zaune yana jefa wa karnukansa ƙashi, ya ce, "Kai mai itace, wa ma sunanka? Ka ji kukan ɗana, ko ba haka ba?"

"Mace ce, ranka ya daɗe."

"Ko ma mece ce."

Sewal ya tsani mutumin nan har cikin ransa, ya kuma san sarai abin da gari zai sha in Ingram ya ci gaba da riƙe ƙasar. Gaskiya tana tare da gari, sauƙi yana tare da gari. Kalma ɗaya zai faɗa a ɗauke shi a kafaɗa.

Ranar shari'a rabin Eldmere ya bi shi birni a ƙafa. Aka ɗora hannunsa a kan Linjila, ya rantse da ransa da makomarsa. Babban alƙali ya ce, "Kana bakin ƙofa. Ka ji kukan jariri?"

Sewal ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

"Wane irin kuka?"

"Sau ɗaya. Siriri, kamar tana tambayar wani abu." Ba wahala ya sha wajen siffanta shi ba. Kukan da ya tsaya jira ne a ƙofar ɗakinsa shekarun baya, kullum yana jin sa a kansa.

Daga baya aka ji muryar Hamo: "Allah ya isa, Sewal!"

Ingram ya ci shari'a. Kada ku ce ya saka masa da wani abu, ko tsohuwar riga bai jefa masa ba. Kafin shekara ta zagayo ya auri ta uku, wata bazawara mai garken tumaki, ya killace makiyayar gari ya zuba su. Shanunmu suka rame. Aka yi wani hunturu mai yunwa, yara suka mutu, har da jikan Hamo. Ba zan ce mutanen gari ba su da hujja ba, suna da ita, kuma Sewal ya fi kowa sanin haka.

Suka sa masa suna Mai Kunne. In ya wuce da daminsa yara su bi shi suna kukan jarirai. Aka ce an saye shi, har ana faɗin kuɗin, alhali rigarsa duk faci ce. Mata suka daina kiran Gunnild sai haihuwa ta zo da gardama. Ta sha cewa, "Bari in fita in gaya musu ni ce." Shi kuwa ya ce, "Ki faɗa su ɗauko shebur." Sai ta haƙura.

Coci yana zuwa, amma can baya yake tsayawa. Bai sake zuwa furta zunubi wurin liman ba, bai sake karɓar jibi, gurasar tsarki ta coci, ba, don yana tsoron abin da zai fito daga bakinsa ya kai ga kabarin jaririyar Hawisa. Haka ya tsufa da rantsuwar ƙarya a wuyansa, yana ganin wuta yake jira. Gunnild ta riga shi tafiya, aka binne ta cikin maƙabarta, ba nisa da Hawisa. Ingram kuwa yana nan daram, yana shari'a da dangin matarsa ta uku.

Da ciwon ajali ya kwantar da Sewal, liman ya zo da man tsarki da gicciye. "Ɗana, sauke kayanka kafin ka tafi. In ka ƙi furtawa ba ni da ikon sa ka a ƙasar coci."

"Na sani, baba," in ji Sewal, ya juya fuskarsa ga bango.

Gari ya ce madalla, ai dama bayan katanga ya dace da shi. Hamo, tsoho tukuf, shi ya ɗauki shebur, ya ce shi zai haƙa don ya tabbatar an kai shi can. Da suka zagaya suka tarar an riga an share wuri gindin ƙaya, an cire saiwoyi da gatari, an auna shi daidai tsawon dogon mutum, dab da wani ɗan tarin duwatsu. A gefe kuma ga wasu duwatsun an jera, masu yawa, waɗanda za su isa su rufe kaburbura biyu.

Hamo ya daɗe yana kallon ɗan tarin duwatsun nan. Shi ne ya ara wa Sewal shebur ranar da ya binne 'yarsa. Ya share fuska da hannun riga, ya ce wa samarin, "Ku haƙa a hankali, akwai yarinya a gefe."